Ba bindigar Kawu ce ta kori kirinjijiya ba

Duk shekara da sanyi ya shigo sai an tayar da maganar mahalba a Maraɗi. Wani ya faɗa a rediyo cewa tsuntsayen ruwa sun ragu a tafkin Madarunfa da fadamun Gulbin Maraɗi, wani ya amsa a fada, ana shan shayi, cewa maganin abin shi ne a tattara bindigogin toka a kai wa jandarma, kowa ya huta. Raguwar ba na gardama a kanta. Wanda duk ya haura arba'in a yankin nan ya tashi da kukan kirinjijiya cikin dare, garke na wucewa bisa gari yana fito sau uku-uku, har yara su riƙa kwaikwayo. Yanzu sai ka kasa kunne sosai, kuma sai ka yi sa'a. Inda na rabu da masu maganar shi ne wurin ɗora laifi. Ana barin jaki ana dukan taiki. Tsofaffin mahalban da ake son a raba da bindigoginsu su ne mafi ƙarancin ɓarna a bakin ruwan nan, kuma su kaɗai suka rage da suka san abin da ke cikinsa. Hukuma ta fi buƙatarsu fiye da yadda suke buƙatarta.

Ina da hujjar faɗin haka, domin ni ke ɗaukar wa ɗayansu jaka. Yayan mahaifiyata ne, mahalbi ɗan mahalbi, ya haura saba'in. Gwiwa ta ƙi, yanar ido ta fara rufe masa na hagu, 'ya'yansa kuwa babu wanda ya gaji sana'ar: wannan na kabu-kabu a cikin gari, wancan ya tafi neman zinariya arewa. Saboda haka idan kaka ta wuce, ni nake goya shi a moto mu nufi wata fadama da Gulbi ke bari da ruwa can kudu da gari. Da can da tsakar dare yake fita. Yanzu ba mai hankalin da zai yi yawo da bindiga cikin duhu a gundumar Madarunfa, sai mu kwana a ƙauye, mu yi asuba da jama'a, sannan mu gangara.

Ya kamata mai neman a hana su ya taɓa ganin yadda ake ɗura bindigar toka. Kawu yakan zauna a kan tushen giginya, ya kafa gindinta tsakanin ƙafafunsa, ya auna albarushi a tafin hannu ya zuba, ya tura tsumma, ya danna da sanda har sai ya ji ta zauna, ya zuba 'yan ƙwayoyin dalma, ya sake tura tsumma, ya sake dannawa. Hannunsa na rawa yanzu, aikin yakan ɗauke shi lokacin da za a dafa shayin farko. Daga nan sai shiga ruwa, mai sanyin da ke sa haƙora kaɗawa, a sunkuye cikin kacalla, ni ina riƙe da kafaɗarsa kada laka ta kayar da shi. Sai jira. Idan ya sami daidai ya saki wuta, shi ke nan an gama, domin ƙarar ta tashi duk abin da ke fadamar, kafin ya sake ɗuri sun kai wani ruwan. Ranar sa'a mu koma da biyu ko uku. Ranar da babu, mu koma da rigar wando da mura. Mutum irin wannan, ko shekara ɗari ya yi yana fita, ba zai ƙarar da garke ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kunnensa. Ni da idona biyu garau, tsuntsu sai ya zo kusa nake gane shi. Shi kuwa daga ƙarar fiffike yake rarrabewa. «Dinya ce, ɗan nan, ka ji nauyinta,» zai ce mini a hankali, can sai ga ta, baƙa da farin ciki, ƙatuwa, da ƙayar nan a gaɓar fiffike. Wata safiya a farkon sanyi wani garke na ƙananan agwagi ya sauka kusa da mu ƙwarai, na taɓa shi. Ya girgiza kai.

«Baƙi ne, yanzu suka iso. Ƙashi ne da gashi. Bar su su ci abinci.»

«Kawu, daga ina kake jin suke zuwa?»

«Daga inda ruwa ke daskarewa. Babana ya taɓa samun ɗaya da zoben ƙarfe a ƙafa, da rubutun Nasara a jiki.»

Bai yi lakwal ba, amma abin da ya faɗa daidai yake. Waɗannan ƙananan agwagin, da namijinsu ke da farin layi bisa ido, a Turai da Rasha suke ƙyanƙyasa, su ƙetare teku da Sahara su zo su yi sanyi a ruwayen Sahel, daga kogin Senegal zuwa fadamun Mopti, da Hadeja da Nguru, har tafkin Chadi, mu ma mu sami rabonmu. Wajen watan Maris su juya. Tsuntsun da bai kai rabin kilo ba ke wannan tafiya, kuma saboda irinsa ne aka ƙulla yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya a 1995, wadda Nijar ke cikinta. Kirinjijiya da dinya da dani mai ƙululu bisa baki, su namu ne na gida, da damina suke yin ƙwai. To Kawu ba ya halbi da damina, ko da yunwa ake. Ba ya taɓa shamuwa, ba ya taɓa gauraka. Ba ya halbin abin da ba za a ci ba. Wanda ya faɗo da sauran rai, nan take yake yanka shi da bisimilla. In ya samu, sai ya cire wa mai gonar da muka ratsa nasa. Na taɓa ce masa ai malamai ma haka suka karantar a Risala, cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba halal ce. Ya ce shi bai karanta ba, amma babansa da mari ya koya masa.

To in ba su ba ne, wa ya kori tsuntsun? Ruwa ne farko. Agwagwa ba ta san iyaka ba, ba ta san doka ba, inda ruwa da ciyawa suke nan take sauka. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake fitowa, ya shigo mana ta kudu, ya yi baka ya koma can. Tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina, wajen 1990, ambaliyar da ke cika fadamu ta daɗe kwance ta canza hali. A shekarar nan ta 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su, Gulbin Maraɗi na cikin jerin, amma manomin Jirataua ko na Safo zai gaya maka abin da yake gani a ƙasa. Garin Maraɗi da ambaliyar 1945 ta kora daga kwari ya hau tudu, yau Gulbinsa rairayi ne mafi yawan shekara. Ga kuma yashin da ruwan sama ke kwasowa daga gonakin da aka share, yana cike tafki kaɗan-kaɗan. Kawu yakan nuna mini wurin da a ƙuruciyarsa sai da gora ake ƙetarewa, yanzu tumatir da albasa ne a wurin.

Ba na zargin mai tumatir. Ƙidayar 2012 ta sami mutum kusan miliyan 3.4 a jihar Maraɗi, kuma tun daga lokacin ba raguwa muka yi ba. Bakin da ke neman tuwo ya yi yawa, noman rani shi ke rufa wa gidaje da dama asiri, injin ban ruwa kuma ya yi araha. Amma a faɗi gaskiya: idan aka nome fadama har bakin ruwa, aka zuƙe abin da ya rage kafin watan Fabrairu, dabbobi suka tattake 'yar ciyawar da kirinjijiya ke ɓoye ƙwanta, to ko bindiga ɗaya babu a ƙasar nan tsuntsun zai tafi.

Na biyu shi ne kisan da ba ya ƙara. Bindiga tana da amo, kowa ya ji ta, shi ya sa take shan zagi. Raga ba ta da amo. Ana kafa ta da yamma bisa ruwa, siririya, tsuntsu ba ya ganinta cikin duhu, da safe a zo a kwashe na ci da wanda ba na ci ba. A yankin Mopti na Mali dubban agwagin nan baƙi ake kamawa haka a kai kasuwa, kuma dabarar ba ta tsaya can ba. Mafi muni shi ne hatsin da ake jiƙawa da maganin ƙwari a watsa a bakin ruwa. Na ga aikinsa da idona: balbela, zalɓe, kurciya, har da shaho da ya ci mushen, zube a kan laka, ƙudaje ma sun mutu a kansu. Wanda ya zuba ya riga ya tsince agwagin ya tafi, ya ƙwaƙule cikinsu, wani bawan Allah zai saya a gasa ya ci da yaji bai san me ya ci ba. Ranar Kawu bai ɗura bindiga ba. Ya tsaya yana jujjuya wani zalɓe da sandarsa, ya ce, «Wannan ba mahalbi ba ne. Mahalbi yana da sarki.»

Maganar tasa ita ce gaba ɗayan abin da nake son hukuma ta ji. Mahalba suna da sarki, suna da taro, suna da wanda zai kira mutum ya ce masa ka yi abin kunya. Mai guba ba shi da kowa. Idan ka ƙwace bindigar tsoho ka zaunar da shi gida, ka cire ido ɗaya tilo da ke bakin ruwan da asuba, ka bar wa mai raga da mai guba fili. Ma'aikatan gandun daji nawa ne a gunduma guda, da moto nawa, da man fetur na kwana nawa? Ba za su iya kwana a kowace fadama ba, kuma ba laifinsu ba ne.

Kada a ɗauka ina wanke mahalba tas. Su da kansu sun san ina barewa ta tafi, ina gada, ina jimina. Kawu idan hira ta yi daɗi yakan lissafa abin da ya kashe a dajin Baban Rafi yana saurayi, da alfahari a muryarsa, sai can ya yi shiru. Akwai kuma matasa masu bindigar zamani mai baki biyu, da ke zuwa daga gari a mota ranar hutu, su yi ta ɓarin wuta a kan duk abin da ya tashi, su ɗauki hoto su sa a Facebook. Su ma mahalba suke kiran kansu. Sannan ga maganar tsaro, wadda ba wasa ba ce. Shekarun nan mutanen Madarunfa da Gabi da Gidan Runji sun ga satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa, sun karɓi dubban 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019. Jandarman da ya tare mutum da bindiga a bakin daji ya tambaye shi takarda, aikinsa yake yi. Ni ma in ni ne zan tambaya.

Amma wace takarda? Dokar farauta da kare namun daji ta watan Afrilun 1998 ba ta haramta farauta ba. Ta tsara ta ne: akwai lokacin buɗewa da na rufewa, akwai dabbobin da ba a taɓawa sam, an hana guba da farautar dare da fitila, kuma cikin izinin da ta ambata har da na farautar gargajiya. Kenan dokar ta san da irin su Kawu. Su ne ba su san da ita ba. Da Faransanci take, a ofis take, kuma tsohon da bai taɓa shiga ofis ba sai don a ci shi tara ba zai kai kansa ba. Na tambayi abokansa da ke taruwa a ƙofar gidansa ran Juma'a, babu ko ɗaya da ya taɓa jin an karanta masa ita da Hausa. Abin da suka sani shi ne in an kama ka, a karɓe bindiga, a nemi jika kaza. Dokar da mutum bai santa ba sai ranar da ta kama shi, gudunta zai riƙa yi.

Mu a Maraɗi bai kamata a koya mana wannan darasi sau biyu ba, don a gonakinmu aka fara koyar da duniya shi. Lokacin da itace na hukuma ne, manomi na ganin tsiron gawo a gonarsa zai sare shi tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo masa tara. Ƙasa ta yi tsirara. Daga shekarun 1980 aka fara sassabin zamani a ƙauyukan nan, aka bar manomi ya rene kututturen da ke tohowa, ya san in ya girma nasa ne, daga baya dokar daji ta 2004 ta ƙarfafa masa gwiwa. Yau ana maganar kadada wajen miliyan biyar da suka sake yin itace a Maraɗi da Damagaram, baƙi na zuwa daga ƙasashe suna kallo. Ba a ƙara yawan masu tsaro ba. Mai gona aka mayar mai tsaro. Abin da ya yi wa gawo aiki, ban ga dalilin da zai hana shi yi wa kirinjijiya ba.

Tafkin Madarunfa ba ƙaramin wuri ba ne a takarda. Tun 2006 Nijar ta sa shi, da dajinsa da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya. A 2019 ya shiga jerin Ramsar na dausayi masu muhimmanci. Duk watan Janairu kuma ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa, har da tamu. Masu ƙidayar kan zo da madubin hangen nesa da littafi mai hotuna, su yi yini, su tafi. Aikinsu na da amfani. Sai dai mutumin da zai gaya musu cewa dani ya daina sauka a kududdufin yamma tun shekarar da aka datse hanyar ruwansa, ko cewa dinya ta koma yin ƙwai a wani lungu, yana zaune a ƙofar gida da carbi, ba wanda ya tambaye shi. Littafin mai hotuna za a sake buga shi. Su kuwa tsofaffin duk sanyi sai an rage ɗaya.

Abin da nake nema ba ya cin kuɗi mai yawa. A kira sarakunan mahalba da sarakunan ruwa da masu garuruwan da ke bakin Gulbi, a zauna da ma'aikatan gandun daji a fadar hakimi, ba a otel ba. A karanta dokar da Hausa, a sa ta a gidajen rediyon karkara. A rubuta sunan kowane mahalbi da bindigarsa, sarkinsa ya tsaya masa, a ba shi kati mai hoto a kuɗin da talaka zai iya biya, yadda jandarma zai bambanta shi da ɗan ta'adda, shi ma ya daina ɓuya. A bar su su faɗi fadamun da za a huta wa halbi bana da waɗanda za a buɗe, don sun fi kowa sanin inda ake ƙwai. A keɓe 'yar tazara tsakanin ruwa da gonar rani, ko taku talatin ne, a bar wa ciyawa, kuma a yi wannan da yardar manoma, in ba haka ba ranar da aka kafa alama ranar za a tumɓuke ta. Mai kati kuma ya san cewa kawo rahoton raga da guba na cikin abin da ya ɗauka, wanda aka kama yana halbi da damina sarkinsa ne zai fara karɓe katin. Su kuma 'yan hutun ƙarshen mako masu bindiga mai baki biyu, izinin wasanni ne nasu, su biya shi cikakke, a ƙayyade musu adadi.

Akwai wuri ɗaya da ni da Kawu muka kasa daidaitawa, kuma a nan ina ganin shi ne ba shi da gaskiya. Dalmar da yake ɗurawa, wadda ba ta sami tsuntsu ba, cikin laka take faɗawa. Agwagwa na tsintar tsakuwa ta haɗiye don niƙa abinci a ƙundunta, sai ta haɗa da dalmar, ta narke a cikinta, ta rame ta mutu a ɓoye cikin ciyawa. Saboda haka Amurka ta hana halbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991, Tarayyar Turai ta hana amfani da ita a dausayi daga 2023. Mu kuma yara ne ke cin naman, dalma kuwa ba ta da kyau ga ƙwaƙwalwar yaro ko kaɗan ce, maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya a 2010. Gaskiya ne abin da tsoho ɗaya ke zubawa a shekara bai taka kara ya karya ba, amma tafki ba ya gudu, abin da ya shiga ya zauna.

Na yi masa wannan bayani muna shanya wanduna a bakin wuta. Ya saurara har ƙarshe, don ba ya katse mutum. Sannan ya ce ya taɓa gwada yankakken ƙarfe da 'ya'yan boris na keke, suka ƙarce masa cikin bindiga, maƙerin da ya ƙera ta kuma ya rasu, wa zai yi masa wata?

«To Kawu, in aka hana dalmar fa?»

«A kawo mini abin da zan ɗura, in bar ta yau. Amma a tambayi maƙera tukuna, kada a je a rubuta a Yamai a aiko mana.»

A taron da nake cewa a kira, kenan, sai a ajiye wa sarkin maƙera tabarma shi ma.